Ɗan lambu a bayan ɗakin girki da abincin da ba ya cinye yini: ta ina zan fara?

Malama Uwani, Bunkure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a firamare, bakwai da rabi na bar gida, ba na dawowa sai wajen ƙarfe biyu. Mu takwas ne a gidan. Abincin rana kullum a guje ake yin sa, taliya da manja da yaji, dare kuma tuwo da miyar kuka. Ga mu zaune cikin masu noman rani, motocin tumatir na ta wucewa Kwanar Gafan, amma tukunyata ba ta ganin ɗanyen ganye sai ranar kasuwa. Akwai fili a bayan ɗakin girki, kamar taku shida a taku huɗu, rana tana samunsa daga hantsi har la'asar. Ruwa a jarka muke ɗebowa. Me zan shuka, ruwa nawa zai ci, kuma wane girki zan riƙa yi da shi? Don Allah a lura, ba ƙarin aiki nake nema ba. So nake in rage wannan gudun.

Malam Mai Lambu, Kadawa

Wa alaikumus salam Malama. Filin ya ishe ki, a farko ma ya yi miki yawa. Kada ki kafce shi duka. Komi biyu za ki yi, kowanne faɗin mita 1, tsawon mita 3. Dalilin faɗin mita ɗaya shi ne hannunki ya kai tsakiya ba tare da kin taka ƙasar ba, domin ƙasar da ake takawa daddanƙarewa take yi, ruwa ya kasa shiga. Da rani komin ya zama a ƙasa da kewayen da zai tare ruwa. Da damina kuma a ɗaga shi kamar taƙi guda, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe.

Kowane komi ki zuba masa ruɓaɓɓen kashin awaki ko na tumaki bokiti biyu, ki cakuɗa da ƙasar sama, ki jiƙa kwana biyu kafin shuka. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro, sai an tara shi ya daɗe a jibge, kamar mako shida, kafin ya yi amfani.

Komi na farko na alayyaho ne, shi ne uban tafiyar. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ƙaramin cokali guda ya ishi komin duka. Ki cakuɗa shi da busasshen yashi cikin tafin hannu biyu, ki watsa, ki shafa ƙasa sama-sama da hannu. In kika binne shi da zurfi ba zai fito ba, mutane su ce irin ya mutu, alhali binnewa ce. Kwana 3 zuwa 5 ya tsiro. A mako na uku ki tuge waɗanda suka cunkushe, su ne miyarki ta farko. Daga mako na huɗu zuwa na biyar sai yanka: ki bar kututture kamar taƙi guda da 'yan ganye a jiki, zai sake tofowa, ki dawo bayan kwana 10 zuwa 14. Ana yin haka sau uku ko huɗu kafin ya fitar da kai ganyen ya ƙanƙance. Dabara ɗaya da za ta hana ki yankewa: ki raba komin biyu, ki shuka rabi yau, rabi bayan mako biyu.

Komi na biyu rabi rama, rabi yakuwa, a gefe ki jera ƙananan albasa, irin waɗanda suka fara tsiro a kwando, don lawashi. Zogale ba a komi ake sa shi ba. Jikin shinge za ki dasa guda huɗu ko biyar, taku guda tsakaninsu, da iri ko da reshe mai tsawon kamu ɗaya. Da ya kai ƙugunki ki karye kansa. Wanda ya ji tausayinsa ya bar shi, zai miƙe ya wuce katanga, ganyen ya koma sai da gora. Kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Kuɓewa gindi shida sun isa, ki jiƙa irin ya kwana, ki sa ƙwaya biyu a rami. Wajen mako bakwai zuwa takwas za ta fara 'ya'ya, kuma sai an riƙa tsinka duk bayan kwana biyu. In aka bari 'ya'yan suka ƙosa a jiki, uwar ta daina sababbi.

Tumatir kam ban ba ki shawara ba. Sai an yi reno, a dasa, a jira kusan wata uku, ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, kuma har yanzu ba ta bar mu ba. Ke da kike cikin yankin da ruwan dam ɗin Tiga ke shayarwa, ki jira Fabrairu ko Maris lokacin da ya yi araha, ki sayi kwando ki yanka ki shanya kauɗa. Attaruhu gindi biyu a tsohon bokiti mai huda a ƙasa, wannan ba laifi.

Ruwa kuma, kowane komi yana shan lita 15 zuwa 20 a rana da rani. Jarka biyu masu lita 25 sun ɗauke komayen da zogalen da kuɓewar. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ki raba shi safe da yamma, ki rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ganye duk ki tara a bokiti, sun rage miki ɗiba. Ruwan omo ne kada ya je wurin. Kafin komai ki kewaye da kara ko zana, domin akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata guda kafin ki dawo daga makaranta.

Gwaggo Ladi, Ringim

'Yata, Malam ya gama miki da lambu, bari in shiga kicin. Abin da ke cinye wa mace lokaci a girki uku ne: aike zuwa injin markaɗe, tsayuwa kan suyar kayan miya har tsaminsu ya mutu, da jiran nama ya yi laushi. Girkin ɗanyen ganye ba ya buƙatar ko ɗaya cikinsu. Turmi da tukunya ɗaya, shi ke nan.

Ki fara da kwaɗon zogale. Na mutum takwas, ganyen da aka zage cikin kwano biyu. Ki tsince tsinkayen nan ƙanana sosai, su ne ke maƙalewa a haƙori su ɓata wa yara cin. Ruwa ya tafasa tukuna ki zuba, iya wanda zai rufe ganyen, minti 15 zuwa 20. Ki murza ganye ɗaya a yatsa, in ya mutsuke ya nuna. Ki tsane a kwando, ki bari ya huce, ki matse kaɗan. Sai dakakken ƙuli-ƙuli gwangwanin madara biyu, babbar albasa ɗaya, tumatir uku, attaruhu biyu, gishiri, dunƙule biyu, man gyaɗa babban cokali huɗu. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba ƙulin alhali ganyen na da zafi da ruwa a jiki, sai kwaɗon ya caɓe ya zama kamar kunu. In so kike ya riƙe ciki har dare, ki yayyafa wa garin kwaki gwangwani uku ruwa ya yi laushi, ki haɗa.

Rama ita ma haka, sai dai tsaminta. Ki tafasa minti 10, ki zubar da ruwan, ki ɗauraye da ruwan sanyi ki matse sosai ki ɗanɗana. In har yanzu tana kama haƙori ki sake ɗauraya. Ƙulinta kuma a dama shi da ɗan ruwa ya yi kauri kafin a haɗa, don matsattsiyar rama ba ta da ruwan da za ta jiƙa shi. Wasu suna ƙara sukari ƙaramin cokali.

Wanda na fi so ki kama shi ne faten tsaki, domin shi ne abincin ranar aiki. Tsakin masara gwangwani shida, ruwa kusan lita 5. Ki wanke tsakin ki rege, dusar ta tafi. Ki jajjaga tumatir huɗu, attaruhu uku da albasa a turmi, ki zuba a ruwan tun yana sanyi tare da daddawa ƙwaya biyu, manja ludayi ɗaya da dakakkiyar ɗanyar gyaɗa gwangwani ɗaya. Ba suya. Su tafasa minti 10 gafin gyaɗar ya fita. Sai ki riƙa zuba tsakin kaɗan-kaɗan kina juyawa, in kika juye shi gaba ɗaya gudaji zai yi. Ki janye itace, wuta ta yi ƙasa, minti 20 zuwa 25, kina kai muciya gindin tukunya lokaci-lokaci don nan yake kamawa. Yakuwa damƙi biyu ta shiga saura minti goma, alayyaho saura minti biyar, lawashi kuwa sai an sauke. Ki sauke shi da ɗan ruwa-ruwa, yana hucewa yana kauri. In za ki sa wake, ya nuna tukuna kafin yakuwa ta shiga, domin tsami yana hana wake laushi, ko awa nawa ya yi a wuta.

Miyar ɗanyar kuɓewa ba ta kai minti ashirin ba. Kuɓewa kamar talatin, ki goga ko ki daka. Ruwa kaɗan ya tafasa da daddawa, albasa, attaruhu da busasshen kifi, ki sa 'yar kanwa, ki zuba kuɓewar ki buga da maburgi, minti 5 zuwa 7, tukunya a buɗe. In kin rufe za ta yi bori ta zube. Kada tumatir ko yakuwa su shiga, tsami yana tsinke yauƙi. Alayyaho kuma in shinkafa ce a wuta: albasa da attaruhu a ɗan mai, ki zuba ganyen ba ruwa, minti uku ko huɗu, ki fasa ƙwai uku a kai. Shi da kansa zai fitar da ruwansa. Taushe ki bar wa Asabar ko Lahadi, kabewa tana son a ba ta lokacinta.

Sai maganar gudu da kika yi. Zagar zogale ba aikin tsaye ba ne, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma, a zube rassan a tsakiya, yara su kewaye, ana zaga ana hira, kina jin abin da aka koya musu yau. Ni a ganina wannan rabin awar ita ce ribar lambun, ta fi kuɗin cefanen da za ki rage. Kada ki ɗauke ta ki kai kicin ki yi ke kaɗai don ki gama da wuri.

Ma'aikaciyar Lafiya, Haɗeja

Sannu da ƙoƙari Gwaggo, Allah Ya saka. Wuri ɗaya nake neman a duba, wato kanwa. Gaskiya ne tana sa ganye ya yi kore shar ya yi laushi da wuri, amma tana lalata wasu sinadaran bitamin da ake cin ganyen dominsu, musamman bitamin C da wasu daga cikin B. Ganyen da aka tsinko yanzu daga bayan ɗaki matashi ne, ba ya buƙatarta. Haka ma yawan ruwa: duk ruwan da aka tafasa ganye aka zubar ya tafi da wani abu. Na rama dole ne saboda tsami, amma na zogale a sa kaɗan yadda kusan zai tsotse, ragowar a juye a miya. Shi ya sa fate ya fi kwaɗo ta wannan fuskar, komai yana cikin tukunya.

A wanke ganye kafin a yayyanka shi don girki, ba bayan an yayyanka ba. Kada kuma a yi rowar mai, domin bitamin A da ke cikin zogale da alayyaho da kabewa sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa, cokali biyu na manja ko man gyaɗa sun wadatar. Matsa lemon tsami a kwaɗo yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, shayi kuwa a kan abinci rage ɗaukarsa yake yi, a ba shi tazarar awa guda. Wannan ya fi shafar masu ciki da masu shayarwa.

Abu biyu na kiyayewa. Na farko, abin da za a ci ɗanye, kamar salak da tumatir da lawashi, a wanke ganye-ganye da ruwa mai tsabta, a canza ruwan sau biyu ko uku, kuma kada a zuba ɗanyen taki a komin da ake tsinka, ta nan tsutsar ciki da gudawa ke shigowa. Na biyu gyaɗa: duk ƙwayar da ta yi funfuna, ta motse ko take ɗaci a tsince a zubar. Gubar funfunar gyaɗa hanta take taɓawa, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ƙulin da ya yi warin tsufa shi ma a bar shi.

In zogale ya yi yawa, a shanya a inuwa a kan tsabtataccen zane kwana uku ko huɗu, ba a rana ba, rana tana kashe korensa da amfaninsa. A daka a tankaɗe a rufe a kwalba. Ƙaramin cokali a kunun yaron da ya wuce wata shida.

Gwaggo Ladi, Ringim

Na yarda da ke 'yar nan a kan sabon ganye. Amma zogalen tsohuwar bishiya da rani, in ba a sa masa kanwa ba sai ya cinye itacen yini bai yi laushi ba. Kamar ƙwayar wake ake sawa, a jiƙa a tsiyaye ruwan saman, a bar yashin a ƙasa. Wadda ta wuce haka za ki gane: ganyen ya narke, miyar ta yi santsin sabulu a baki.

Malama Uwani, Bunkure

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malam, yanzu muna Nuwamba, sanyi ya fara. In fara yanzu ko in jira? Kuma alayyahon maƙwabta na ga duk ya huhhuje, wani ya nannaɗe. Ba na son fesa magani a abin da yara za su ci gobe.

Malam Mai Lambu, Kadawa

Ki fara yanzu Malama, amma ki canza komi na biyu. Rama da yakuwa suna bin tsawon yini ne, da rana ta gajarta a wannan lokaci sai su yi fure tun suna ƙanana, ganye kaɗan za ki samu. Ki ajiye irinsu sai ruwa ya sauka a Yuni. Kuɓewa ma ba ta son hunturu, tsayawa take cak, ki jira ƙarshen Fabrairu. Sanyi lokacin salak ne da karas da kabeji da albasa. Salak wajen mako shida kin fara ɓallar ganyen gefe kina barin zuciyar. Karas ba a dasa shi, a wurinsa ake shuka shi, kuma in ƙasar na da tsakuwa ko ɗanyen taki sai ya yi rassa kamar yatsu, yana ɗaukar kusan wata uku. Alayyaho zai yi, sai dai a Disamba da Janairu yana nawa, ki ƙara masa mako ɗaya ko biyu a lissafin da na ba ki. Da sanyi ki yi ban ruwa da hantsi.

Hujin ganye tsutsa ce ko fara. A komi biyu ba abin da ya fi hannu: da sassafe ki juya bayan ganye, ki tsince ki jefa wa kaji. Nannaɗewa kuma darɓa ce, ƙananan ƙwarin nan masu taruwa a ƙarƙashin ganye suna tsotse ruwansa, za ki ga tururuwa na hawa da sauka a wurin. Ki daka ɗanyen ganyen darbejiya kwano biyu, ki jiƙa a ruwa lita 5 ya kwana, ki tace, ki narka ɗan sabulun wanka kamar kan yatsa don ya kama ganyen, ki yayyafa da tsintsiya da yamma, ki tabbata ya sami ƙasan ganye. Da rana tsaka yana iya ƙona shi. Ki maimaita duk mako, ki bar kwana biyu ko uku kafin yanka, ki wanke sosai saboda ɗaci. Tokar murhu ma ana barbaɗawa da safe a kan raɓa, sama-sama. Gindin da darɓa ta riga ta cinye ki tuge shi ki fitar daga lambun. In kuma ganyen ƙasa ya fara rawaya ba ƙwaro a jiki, yunwa ce, ki ƙara taki damƙi biyu bayan kowane yanka.

Maman Sadiya, Kiyawa

Yaya Uwani, abin da zan ƙara na tsari ne, tunda biyu kike dawowa. Ranar Lahadi ki daka ƙulin mako guda ki rufe a roba mai murfi, haka daddawa da yaji, haka ɓarza tsaki. Ɗanyar gyaɗa ce kawai kada ki daka da yawa, tana saurin yin wari, ta kwana biyu ta isa. Ganye ki yanke shi da asuba, yana tsaye da ƙarfinsa. Wanda aka yanka da azahar ya riga ya yi yaushi. Kada ki wanke shi, ki naɗe a jiƙaƙƙen zane ki ajiye gindin randa, zai jira ki har ki dawo kamar yanzu aka tsinko. A leda ne yake dahuwa da zafi ya yi baƙi. Tsakin da za ki yi faten rana da shi ki wanke ki jiƙa kafin ki fita, jiƙaƙƙe ba ya wuce minti 15 a wuta, sai dai ki rage ruwan tukunya kamar kofi biyu tunda ya riga ya sha nasa. Zogalen da aka zage da la'asar a dafa shi a ragowar wutar tuwon dare, a tsane a baza a faranti a rufe da kwando. Da sanyin nan yana kwana lafiya a yi kwaɗon kari da safe, amma da bazara kada ki yarda ya kwana, a dafa a ci a ranar.